Daga Wutar Kara Zuwa Kwalbar Kasuwa: Waiwaye Kan Ƙwarin Ganye a Ƙasar Tasawa

A ƙasar Tasawa, tun daga Baudeta da Korgom har a haura arewa a bi Gulbin Kaba zuwa Mayahi, babu manomin da bai san ganyen kuɓewa mai huji-huji ba. Da zarar damina ta kankama, wasu ƙananan ƙwari masu tauri da ƙyallin baya, waɗanda da ƙyar suka kai ƙwayar dawa, sukan sauka kan kuɓewa da yakuwa da rama, su yi ta hudar ganye har ya koma kamar rariya. Ka kai hannu, su yi tsalle su ɓace. Wake na da nasa, kabewa da kankana na da nasu jajaye, ƙaramin gero na da wanda ke kankare fatar ganye ya bar fararen zane a tsaye. Dashen mangwaro da gwaba kuwa nasu da dare suke zuwa, su gaigaye gefen ganye, kafin asuba sun shige ƙasa. Ko ɗaya cikinsu ba baƙo ba ne. Kakanni sun iske su, kuma babu alamar jikoki za su rabu da su. Abin da ya sauya cikin shekaru 50 da suka wuce shi ne mutumin da ke yanke shawarar abin da za a yi musu. Da can mai gona ne da maƙwabtansa. Daga baya shawara ta koma hannun gwamnati da malaman gonarta. Yau kuwa, a ƙauyuka da yawa, tana hannun mai tebur a kasuwa, wanda bai taɓa taka gonar ba, bai ga ƙwaron ba, kuma cinikinsa na ƙaruwa ne gwargwadon yawan abin da aka fesa. A ganina wannan sauyi na ƙarshe ya fi duk ganyen da ƙwari suka ci tsada, kuma sabuwar kwalba ba za ta gyara shi ba.

Bari mu tuna yadda aikin yake kafin famfon feshi ya zama kayan kowace unguwa. Akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa, masana na kiransa Rhinyptia infuscata, da ke fitowa cikin dare lokacin da gero ya fid da kai ya yi bununi, ya cinye furen tun gero bai yi ido ba. Zangarniyar da suka kwana a kanta sai ta bushe ba ƙwaya. Manoman Nijar sun daɗe da gano lagonsa: bin haske yake yi. Sai a tara kara da busasshiyar ciyawa a gefen gonaki, bayan isha'i a cinna wuta, samari su ratsa gona suna girgiza gero, ƙwarin su tashi su auka cikin wutar. Ita kuwa hangara, mai dogon jiki da ruwanta ke sa fata ta yi bororo, ba a kama ta da hannu tsirara. Da sassafe ake karkaɗe ta cikin ƙwarya, tun sanyin safiya bai sake ta ba. Mata na barbaɗa toka kan ganyen kuɓewa da kabewa kafin raɓa ta bushe, don ta manne. Kaji da zabi na kiwo a gindin shuka, in kuma aka tone juji za a kai taki gona, su ke tsince gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu ƙiba da ke naɗe jiki, waɗanda wasunsu ke rikiɗa su zama manyan ƙwarin da ke cin fure da tsabar gero da dawa. Kowace dabara cikin waɗannan ta tsaya ne kan sanin halin ƙwaro: yaushe yake fita, ina yake kwana, me ke jan hankalinsa. Akasarinsu kuma ba sa aiki sai da jama'a. Wuta ɗaya a gona ɗaya ƙila ma ƙwarin maƙwabta za ta jawo maka. Sai gari ya tashi gaba ɗaya take yin tasiri. Haka batun shuka yake. In kowa ya shuka da ruwa ɗaya, gero ya yi fure a mako ɗaya, ɓarnar takan rarrabu kowa ya ɗauki kaɗan. Wanda ya riga kowa ko ya makara, shi ke ciyar da ƙwarin gari duka a gonarsa.

Mai karatu zai iya cewa wannan begen zamanin da ne kawai, kuma zamanin da bai ciyar da kowa ba. Yana da hujja. Toka da wutar kara ba su tare farar da ta jefa yammacin Nijar cikin yunwa a 1931 ba. Bayan farin 1973 da 1974 sai ga farar daji ta ɓarke a Sahel, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa ta shafe gonaki a Nijar da arewacin Najeriya. Bayan yunwar 1984 fara ta sake tashi a 1986, farar ɗango ta biyo baya a 1988, ta kuma dawo a 2004. A gaban irin wannan bala'i ƙwaryar karkaɗe ƙwari wasan yara ce, kuma ba laifi ba ne da gwamnati ta shigo. Ƙasashen Sahel sun kafa ƙungiyar CILSS a 1973, cibiyar AGRHYMET ta buɗe a Yamai a 1974, ma'aikatar kare tsirrai ta Nijar ta samu jiragen feshi da motoci da magani ta hanyar taimakon ƙasashe irin su Kanada da Jamus da Japan. A ƙauyuka aka horar da ƴan sa-kai na feshi, aka ba su ƴan ƙananan injuna masu aiki da batir da garin magani. Tsarin ya ceci amfanin gona mai yawa. Amma ya bar wani darasi da ba a yi niyyar koyarwa ba: cewa maganin ƙwaro abu ne da ke zuwa daga waje, cikin gwangwani, kyauta, kuma aikin manomi shi ne ya kai rahoto ya jira. Makamin da aka ƙera don rundunar fara mai zuwa daga nesa, wadda feshi ɗaya a kan lokaci kan karya ta, sai aka riƙa ɗaukarsa a matsayin maganin kowane abu mai ƙafa shida. Alhali ƙwaron ganye ɗan gida ne. A ƙasar gonarka ya yi ƙwai, a nan tsutsarsa ta girma, kuma ƴan uwansa na jira a ciyawar gefen hanya.

Sai gwamnati ta ja baya, buƙata kuma ta ƙaru, duka a lokaci ɗaya. Da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi a shekarun 1980, aka kuma karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, maganin kyauta ya ragu, malamin gona ɗaya ya koma yana riƙe da ƙauyukan da babur ɗinsa ba zai zagaye su cikin damina ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, gyaɗar da ta yi tashe a jihar Maraɗi zamanin kamfanin SONARA ta faɗi, wake ya hau gurbinta a matsayin abin kai wa kasuwa, har Nijar ta zama ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya. Wake kuwa kowane manomi ya sani, tun daga tsiro har rumbu akwai ƙwaron da ke jiransa. Jama'a ta ninka sau da yawa tun samun ƴancin kai a 1960, saura ta ƙare, ƙasa ɗaya ake nomawa shekara da shekaru ba hutu. Noman rani ya bunƙasa bayan 1984, garake suka yawaita a fadamu da bakin rijiyoyi, abin da ya sa ƙwarin da da can rani kan kashe su da yunwa suka samu ɗanyen ganye wata goma sha biyu. Wannan giɓi kasuwa ce ta cike shi, kuma kasuwar kudancin Tasawa da Katsina take kallo. Duk wanda ya ratsa layin masu maganin ƙwari ranar kasuwa ya san yadda abin yake: tebur a rana, kwalabe masu hoton tumatir da tsutsa, rubutunsu da Ingilishi a ƙasar da ƴan boko Faransanci suka koya, dattawa kuma ajami, wata kwalbar an ɗura mata daga babbar jarka ba ko takarda a jikinta. Mai saye ya ce ƙwari sun dame shi, mai tebur ya tambaye shi nawa ke hannunsa, ya miƙa masa abin da kuɗin ya kai, ya ce murfi biyu a famfo, in bai ji ba a ƙara. Ba a tambayi wane ƙwaro ba, ba a tambayi wace shuka ba, balle ranar da za a tsinki ganyen.

Ba don babu doka ba. Tun 1994 akwai kwamitin ƙasashen Sahel mai mazauni a Bamako wanda ke tantance magungunan da aka yarda a sayar, amma binciken da ƙungiyar majalisun manoma ta RECA ta sha yi a kasuwannin Nijar ya nuna akasarin abin da ke kan tebura ba ya cikin jerin da aka amince da shi. Piya-piya, wanda sinadarinsa diklobos ne, ya zama maganin komai, daga kuɗin cizo zuwa buhun wake. Sakamakon ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. Turawa suna da ɗakunan awo da ikon mayar da kaya. Matar da ta sayi ƙullin yakuwa a kasuwar ƙauye ba ta da ko ɗaya.

Duk da haka, babbar hujjata a kan yawan feshi ba ta lafiya ce kaɗai ba, ta lissafin gona ce. Ganye mai huji yana tayar da hankali fiye da yadda yake rage amfani. Wake ko kuɓewar da ta yi ƙarfi tana fid da ganye fiye da buƙatarta, tana kuma maye wanda aka ci. Shi ya sa mata ke tsinkar ganyen wake da na yakuwa su yi miya, shukar ta ci gaba da haihuwa. Manomin da ya ga huji goma ya zuba jika biyu a kwalba, sau da yawa asarar da bai yi ba ce ya biya. Kuma maganin bai taɓa ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙasa ba, bai taɓa waɗanda ke gonar maƙwabci ba, bayan mako ɗaya sun dawo. Waɗanda ba sa dawowa da wuri su ne masu cinsu: gizo-gizo, ƙananan dangin zanzaro, ƙwarin ƙasa masu farauta da dare, ga kuma ƙudan zumar da kabewa da kankana ba sa ɗaura ƴaƴa sai da shi. Ita kanta hangara, da kowa ke tsinewa, masana sun gano cewa tsutsar ire-irenta da yawa ƙwan fara take ci a cikin ƙasa, wato maƙiyin furen gero a watan Agusta shi ne ya rage farar da za ta ƙyanƙyashe. Wannan ba ya nufin a bar ta ta cinye gero. Yana nufin gona ba ta rabu gida biyu, na kirki da na banza, yadda hoton jikin kwalba ke nunawa ba. Hujja mafi kusa tana nan Maraɗi. Tun 2006 masu bincike na cibiyar INRAN, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke sakin wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor don ya kashe tsutsar da ke fasa zangarniyar gero. Cikin ƴan ƙananan buhuna ake kai shi ƙauye, a rataya a itace ko jikin rumbu, shi kuma ya fita ya yi aikinsa a gonakin kewaye ba tare da ya tambayi ta wane ce ba. Mutum ɗaya da ya fesa guba kan geronsa saboda ya ga ƴan ƙwari na iya kashe ma'aikacin da aka kawo wa gari duka. Indonesiya ta taɓa biyan kuɗin wannan darasi da tsada: yawan feshi a gonakin shinkafa ya kashe masu cin ƙwari har wani ɗan ƙwaro mai tsotsa ya zama annoba, sai da gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa a 1986, sannan aka fara makarantun manoma a cikin gona a 1989, inda darasin farko shi ne a sunkuya a dubi abin da ke kan ganye.

Akwai ƙorafin da ya fi na farko ƙarfi, kuma manoman kirki ne ke yinsa. Sukan ce huji ba shi ne duk ɓarnar ba. Gaskiya ne. Ƙwarin nan masu tsalle suna ɗaukar cutar da ke sa ganyen kuɓewa ya yi rawaya ya yamutse, na wake ma haka, kuma cutar in ta shiga ba ta da magani. Tsiron da bai wuce ganye biyu ko uku ba zai iya mutuwa a kwana biyu. Dashen mangwaro da aka yi wa aure, aka sayo da tsada, aka shayar da shi da ruwan guga duk rani, in aka tsige masa sabon toho sau biyu a jere zai tsumbure. In kuma hangara ta sauka da yawa kan furen gero ko wake, fure ne take ci, shi kuwa ba ya sake fitowa kamar ganye. Duk na yarda, kuma ban ce a jefar da famfo ba. Amma a dubi abin da ƙorafin kansa ya lissafa: tsiro ƙarami, dashe sabo, lokacin fure, shekarar da ƙwari suka yi yawa fiye da kima. Waɗannan lokuta ne ƙididdigaggu, makonni kaɗan cikin damina, kuma ba mai iya gane su sai wanda ke zuwa gona da safe ya juya ganye. A irin lokacin nan feshi da maganin da aka tantance, da awon da aka rubuta, da yamma bayan ƙudan zuma ya koma, a kan wurin da ɓarnar take kaɗai, abu ne na hankali. Abin da ba na hankali ba shi ne feshin kowace Juma'a, ko akwai ƙwaro ko babu, wanda ya zama al'ada a garake da yawa. Ƙorafin ashe goyon bayan maganata yake yi: a mayar da shawara hannun mai ido a kan shukar.

Sai batun hannu, wanda shi ne mafi wuya. Wa zai karkaɗe ƙwari da asuba? Samarin da suka riƙa cinna wutar dare yau suna Kano ko Agadas ko Libiya suna neman kuɗi, yara na makaranta, gandu ya rarrabu, gayya ta yi ƙaranci, matar da ke da gamana tana da daka da ɗiban ruwa da goyo. Ga irin wannan gida, kwalba hutu ce, kuma wanda ke zaune a ofis yana wa'azin komawa ga toka bai san nauyin tulu ba. Ba za a amsa wannan da cewa mutane su ƙara wahala ba. Dabarar da za ta karɓu sai wadda ta rage wahala ko ta rage kashe kuɗi, kuma an ga misalinta. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka gwada shi sosai a Maraɗi, aka fara yaɗa shi daga 2007, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska kawai. Ba wanda ya roƙi manoma su so muhalli kafin su saye shi. Sun ga wakensu ya kai rani lafiya lau ba warin magani, suka saya. A fagen ƙwarin ganye ma akwai makamantan haka. Fitilar sola, da yanzu ba ta gagari gida ba, in aka rataya ta bisa daro mai ruwan sabulu, tana yin aikin da wutar kara ke yi wa masu bin haske, ba tare da an ƙone abincin dabbobi ba. Tsohon gidan sauro mara magani ya isa ya rufe wurin renon tsiro har ya yi ƙarfi. Sai kuma dogon yaro, baƙon itace daga ƙasar Indiya wanda ya zama ɗan gari, yana zubar da ƴaƴansa a bakin kowace makaranta da kasuwa ana takawa. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farar ɗango ta cinye komai ta bar shi, a 1968 aka ware sinadarin da ke sa haka. Abin da malaman gona ke koyarwa ba shi da wuya: a daka busasshiyar ƙwayarsa kimanin rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma. Sai dai a faɗi gaskiya, ba ya zubar da ƙwaro nan take. Hana shi ci yake yi, ya dagula masa girma da haihuwa, rana tana karya ƙarfinsa, dole a maimaita duk mako, dakan kuma a kan mata yake faɗawa. Manomin da ya saba ganin gawar ƙwari a ƙasa bayan minti biyar zai ce bai yi aiki ba, sai fa in wani ya nuna masa kunya biyu gefe da gefe har ranar girbi. Wahalar dakan kuwa sana'a ce ke jiran mai yi: ƙungiyar mata ɗaya mai injin niƙa za ta iya ƙulla garin a leda ta kai shi teburin da piya-piya yake.

Za a ce duk wannan mafarki ne, mutanen da suka saba da kwalba ba za su koma sa ido da haɗa kai ba. Amsar tana tsaye a gonakin yankin, ana ganinta daga kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. A farkon shekarun 1980 gonar kirki ita ce wadda aka sassabe tas, ba ko kututture, kuma itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji ke da iko da shi, mai gona tara kawai yake tsoro. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su yi musu aski. An yi wa na farko dariya. Amma sassabin zamani ya bazu daga gona zuwa gona, garuruwa irin su Ɗan Saga a ƙasar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itace da dokokinsu, har bincike ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar, wajen itatuwa miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar gandun daji ta 2004 da dokar 2020 kan sassabin zamani bin sawun manoma suka yi. Ba sabon iri aka kawo ba, ba magani. Ikon yanke shawara ne ya dawo hannun mai gona, sai ya fara kallon kowane toho da idon mai shi. Lokacin ma an yi ƙorafin cewa itace zai tara tsuntsaye da ƙwari, kuma ba ƙarya ba ne ɗungurungum: masu cin ganye da dare sukan taru a wasu itatuwa farkon damina, tsuntsaye masu cin gero na samun wurin sauka. Amma gawo da kalgo da sabara da aduwa sun dawo da cilakowa da ƙadangare da hawainiya da gizo-gizo, waɗanda akasarin abincinsu ƙwari ne, kuma manoma sun auna riba da asara da kansu suka bar itacen. Babban itace ma da wuya ƙwaron ganye ya yi masa illar da ta kai a tada famfo. Ƙaramin dashe ne abin tsaro. Mutanen da suka iya yin yarjejeniya kan wanda zai sari reshe, ba za su gaza yin ta kan ranar kunna fitilu ko hana feshi a makon da aka saki ƙwaron INRAN ba.

Abin da ya rage aiki ne na kusa, ba ya jiran babban shiri daga Yamai. Ƙaramar hukuma irin ta Baudeta tana karɓar haraji a kasuwa, saboda haka ta san masu tebur ɗaya bayan ɗaya; tana iya sharɗanta cewa ba mai sayar da maganin ƙwari sai wanda ya zauna horo da malamin gona, kuma kwalbar da ba ta da takarda ba ta hawa tebur. Korar su ba za ta yi amfani ba, gobe za su dawo da jaka a bayan babur. Gara a mai da su mutanen da suka san su tambayi wane ƙwaro, a wace shuka, saura kwana nawa a tsinka. Tsofaffin ƴan sa-kai na feshi da ke raye sun san abubuwa da yawa da ba a tambayarsu. Gidajen rediyon karkara na da masu sauraro fiye da kowace takarda, RECA na da layin da manomi ke aika hoton ganye ta WhatsApp a ba shi amsa da Hausa, ɗaliban aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma na neman ƙauyen da za su yi gwaji. Amma duk wannan ba zai maye gurbin abu ɗaya ba. Kai mai gona, ke mai garka, kafin ku kai kuɗinku wurin mai tebur a daminar bana, ku kama ƙwaron ku sa shi a kwalin ashana, ku nuna wa malamin gona ko dattijon da ya san shi, ku kuma bar kunya ɗaya ba feshi don ranar girbi ku auna da tiya ku ga bambancin da kanku.